Ranar da na kai tsohon Turanci majalisar ludo

Ni malamin Turanci ne, kuma ciwon malami shi ne in ya tsinci sabon abu sai ya amayar da shi a gaban mutane. Cikin wani tsohon ƙamus na ci karo da sunayen da Turawan Ingila na da suke kiran idanun ƙwayar ludo. Ɗaya ace, biyu deuce, uku trey, huɗu cater, biyar cinque, shida sice. Aro ne daga tsohon Faransanci, irin kalmomin da suka kwarara Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066. Ana furta su es, diyus, tire, keita, sink, sais. In ƙwaya biyu ka jefa, babbar kake fara kira: huɗu da uku cater-trey, biyu da ɗaya deuce-ace.

Bayan la'asar na isa ƙofar shagon Alhaji da guzurina. Tela ya girgiza kofi ya zubar, huɗu ta fito. Na ce da ƙarfi, "Keita!"

Ya ajiye kofin. "Malam, wace ƙetar na yi maka?"

Kafin in gama ba shi haƙuri Alhaji ya jefa biyu, na ce "diyus". Yaron shago ya miƙe ya buɗe firij ya kawo jus kwali ɗaya, aka rubuta a bashina. Da uku ta zo na ce "tire", shi ma ya tafi ɗaukowa.

Da na tsaya nan da na tsira. Sai bakina ya ja ni bayanin wani wasa da ake amfani da kalmomin a cikinsa, wasan ƙwaya biyu da ake kira hazard, wanda aka buga a Ingila tun ƙarni na 14. Mai jifa zai zaɓi lamba tsakanin 5 da 9, ita ce main. A ce ya zaɓi 7. In jifan farko ya ba shi 7 ko 11 ya ci, wannan shi ne nick. In 2 ko 3 ta fito ya faɗi, sunansu crabs, daga nan ma wasan craps na Amurka ya samo suna. Da 7 ɗin, 12 ma faɗuwa ce. In wata lamba ce daban, ta zama chance ɗinsa, sai ya yi ta jifa: ta dawo ya ci, 7 ta riga ta zuwa ya rasa. Masu wayo 7 suke zaɓa, don hanya 6 cikin 36 take fitowa, ta fi kowace lamba. Har na ƙara da cewa ƙwayar da 'yan maguɗi suka saka wa nauyi a gefe ɗaya fulham ake ce mata. Ɗan acaɓan da ke kallo ya ce shi dai ɗan Arsenal ne, kada a sa shi ciki.

Alhaji ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Malam, ci da faɗuwan nan, me ake ci?"

Na ce kuɗi.

"Ashe caca ka zo koya mana a ƙofar shagona."

Na rantse na maya cewa ilimin harshe ne kawai. Don in kawar da zancen na fizgi kofi na jefa ƙwaya biyu: ɗaya da ɗaya. Shi ne ambs-ace, ana furta shi emzes, jifa mafi ƙanƙanta, har Turawan da suka mai da shi sunan rashin sa'a. Sau ɗaya cikin 36 ya kamata ya zo. Ni a yammacin nan sau uku ya zo mini, kuma duk sau ukun sai da na faɗi sunansa, 'ya'yana huɗu suna zaune a gida ko siki ban gani ba.

Yanzu duk layin Malam Emzes ake ce mini. Jiya uwargida ta tambaye ni ko sunan magani ne, kuma kuɗin jus ɗin yana nan a littafin Alhaji.