Kumbo ba ya aiki sai da harshen da kowa ke ji

A watan Mayun 2023, lokacin da Rayyanah Barnawi da Ali Alƙarni suka tashi daga Florida zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Jidda ko Makka ba ka tarar ana zancen ba. Sunan Barnawi ba baƙo ba ne a kunnenmu. Da shi da Hausawi da Fallata sunaye ne da muka saba gani a ƙofar shaguna da bayan rigunan 'yan ƙwallo, sunayen zuriyar waɗanda suka taso daga ƙasashenmu domin sauke farali, Allah ya zaunar da su a nan. 'Yata ta tsakiya ta yini da waya a hannu tana kallon matar tana shawagi a cikin tashar, can ta ɗago ta ce, "Baba, wai ta ina muryarta take biyowa har ta iso mana?"

Tambayar yarinyar ita ce ya kamata Hukumar Sararin Samaniya ta Saudiyya ta sa a gaba. Muryar ta bi ta taurarin ɗan'adam masu isar da saƙo na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta sauka a tashar White Sands da ke jihar New Mexico, daga nan aka rarraba ta. 'Yar sama jannatin ta Saudiyya ce, hanyar maganar kuwa ta wasu ce. A ganina kuɗi da ƙwaƙwalwar da ƙasar nan za ta zuba nan gaba sun fi dacewa da wannan ɓangaren da ba a ɗaukarsa hoto: tashoshin ƙasa masu sauraron kumbo, da ƙa'idojin da ake tsara saƙon a kansu.

Duk wanda ya zauna a tsohon gida a Jidda ya san abin da rashin daidaito ke jawowa. Soket biyu a bango ɗaya, wannan wutar 110, wancan 220. Shekarar da na zo, sabuwar rediyo na cusa inda bai dace ba, hayaƙi kawai na gani. Asarata ta riyal kaɗan ce. NASA kuwa a watan Satumban 1999 ta yi asarar kumbo sukutum, Mars Climate Orbiter, saboda manhajar ɓangare ɗaya na lissafa ƙarfin turin injin da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana karanta lambobin a matsayin ma'aunin newton. Mai saye da mudunsa, mai sayarwa da nasa. Kumbon ya kusanci duniyar Mars fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Rediyonsa lafiya lau yake, ofisoshi biyu ne a ƙasa ba su auna da abu ɗaya ba.

Tun 1982 manyan hukumomin sararin samaniya suka kafa kwamitin da ake kira CCSDS domin su daina irin wannan kowa-tasa-ta-fishshe-shi. Cikakkun mambobinsa goma sha ɗaya ne, ciki har da hukumomin Amurka, Turai, Rasha, Sin, Japan da Brazil. Aikinsu rubuta littattafai ne, waɗanda aka kammala ana sa musu shuɗin bango, suna bayyana yadda za a ƙulla saƙo tsakanin kumbo da ƙasa. Wanda ya taɓa taya alhazai ɗaurin kaya a Shari'a Mansur da ke Makka zai gane tsarin nan take. Ba a aika hoto ko awon zafi a dunƙule. Ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da rubutu a goshinsa: daga wace na'ura ya fito, shi ne na nawa a jeri, mene ne tsawonsa. Sai a jera ƙunshin cikin manyan jakunkuna masu ɗauke da lambar kumbon, a ƙara wasu lambobi na musamman waɗanda idan hayaniyar hanya ta ɓata wani sashe, kwamfutar ƙasa za ta iya gyara shi da kanta. Wannan gyaran ba ƙaramin abu ba ne, domin saƙo daga Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya iso, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Ba wurin cewa "maimaita, ban ji ba" ba ne.

Amfanin ya fito fili. Motocin NASA biyu da ke yawo a doron Mars, Curiosity da Perseverance, sukan miƙa bayanansu ga kumbon Turawa mai suna Trace Gas Orbiter da ke kewaye a sama, shi kuma ya turo duniya. Da Indiya ta sauke Chandrayaan-3 a duniyar wata ranar 23 ga Agustan 2023, tashoshin NASA da na hukumar Turai sun taya ta bibiyar kumbon. Maƙwabciyarmu Hadaddiyar Daular Larabawa, wadda kumbonta Amal ya isa Mars a Fabrairun 2021, da manyan eriyoyin NASA na Goldstone a Amurka da Madrid da Canberra take magana da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu cikin sauƙi da kowa ya ƙirƙiri nasa harshen.

Na san abin da za a ce. Wani abokina malamin lissafi ya faɗa mini shi a majalisa bayan isha'i: littattafan nan kyauta ne a intanet, kowa na iya saukewa ya yi aiki da su, to mene ne na kashe kuɗi a zaman kwamiti? Ya ƙara da cewa hoton Rayyanah ɗaya ya jawo yara mata zuwa ajin kimiyya fiye da littafi dubu mai shuɗin bango. Maganarsa ta biyu gaskiya ce, a gidana na gani. Haka ma tafiyar Yarima Sultan bin Salman a kumbon Discovery a 1985, Balarabe kuma Musulmi na farko a sararin samaniya, har yau ana ambatonta. Sai dai tsakanin tafiyarsa da ta Rayyanah shekara 38 ne, kuma duka biyun a kumbon Amurka aka hau. Kujerar fasinja ana sayenta, a sauka, a jira wata.

Maganarsa ta farko ce ban yarda da ita ba. Wanda ya karanta ƙa'ida bayan an gama rubuta ta, bi kawai zai yi. Wanda aka rubuta da shi ya san dalilin kowane layi, injiniyoyinsa sun yi gardama a kai, kamfanonin ƙasarsa sun fara ƙera na'urar tun kafin a buga littafin. Kuma yanzu ne ake rubuta babi mafi girma, wato na duniyar wata. NASA da hukumomin Turai da Japan suna tsara LunaNet, wata irin intanet da za ta haɗa kumbo da motoci da mutane a can. Sin kuma ta harba nata tauraron isar da saƙo, Queqiao-2, a Maris 2024, tana kuma shirin tashar bincike a wata tare da Rasha.

Saudiyya tana da ƙafa a ɓangarorin biyu. A 2018 kyamarar da cibiyar kimiyya ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad ta ƙera ta hau ƙaramin tauraron Sin mai suna Longjiang-2, ta ɗauko hoton duniyarmu daga kewayen wata. A Yulin 2022 kuma ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis da Amurka ke jagoranta, wadda ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne na'urorin ƙasashe su riƙa iya aiki da juna. Idan harshen wata ya rabu gida biyu, ƙasa irin wannan ce za ta sayi komai sau biyu. Ba wanda ya fi ta buƙatar a zauna a kan harshe ɗaya, kuma ƙasar da ke karɓar baƙi daga kowace kusurwar duniya duk shekara ta tsayar da su sahu ɗaya ba baƙuwar irin wannan aikin ba ce.

Ga kuma abin da za ta iya kaiwa teburin. Eriyoyin NASA na nesa sun yi wa masu buƙatarsu kaɗan, har lokacin tafiyar farko ta shirin Artemis zuwa kewayen wata a ƙarshen 2022 sai da wasu ayyukan kimiyya suka haƙura da sa'o'insu. Saudiyya tana tsakanin Madrid da Canberra, tana da hamada mai faɗi, busasshiyar iska, nesa da hayaniyar rediyon birane. Ƙura matsala ce, amma Goldstone ma a hamada take. Babbar eriya guda da aka gina bisa ƙa'idojin CCSDS za ta iya sauraron kumbon Indiya da safe, na Turai da dare, ta yi shekaru da dama tana aiki, matasa suna koyo a gindinta. Hukumar sararin samaniyar Saudiyya, da aka kafa a 2018, aka ɗaga darajarta a 2023, yanzu take shata hanyarta, kuma gyara ya fi sauƙi tun ginin bai yi nisa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga yaranmu a nan da iƙama suke zaune, ƙofar zama ɗan sama jannatin Saudiyya ba a buɗe take gare su ba, kuma bai kamata mu ɓoye musu hakan ba. Amma sanin yadda ake ƙulla saƙon kumbo ba ya tambayar fasfo. Wanda ya iya shi a Jidda, abin da ya iya shi ne ake buƙata a Abuja, inda hukumar NASRDA ke kula da taurarin Najeriya tun harba NigeriaSat-1 a 2003, shi ne kuma za a buƙata a Sudan, wadda ta harba nata na farko daga Sin a 2019, idan Allah ya kawo mata zaman lafiya. Na sauke wa 'yata littafin da ke bayanin ƙunshin saƙo. Turancinsa ya yi mata tsauri, shafi biyu muke yi a mako, kuma ta riga ta zana goshin ƙunshin a bayan littafinta na lissafi, gida-gida, da abin da ke shiga kowane gida.