Idan kamfani ya durƙushe da kuɗinka, ina za ka dosa?

Ranar 3 ga Yunin 2024 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage. Hankalin masu ajiya ya tashi, amma dai sun san inda za su kai kuka, domin akwai NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya. Ana saura 'yan makonni hakan ta faru, hukumar ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Da yawa daga masu ƙananan ajiya an bi lambar BVN ɗinsu an tura musu kuɗinsu a asusunsu na wani banki. Waɗanda kuɗinsu ya haura haka kuwa sai jiran a sayar da kadarorin bankin, a karɓo bashin da yake bin mutane. Kason farko da aka raba musu a 2025 kobo 9.2 ne a kan kowace naira.

Duk da haka, mai ajiya a banki ɗan gata ne. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ya yi ta biyan kuɗin fili kaɗan-kaɗan, ko ya zuba kuɗin Umara, ko uwar da ta biya kuɗin kayan ɗakin 'yarta, sai kamfanin ya rufe. Wannan ba shi da inshora. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta ba mai bin bashi damar roƙon Babbar Kotun Tarayya ta rusa kamfanin, a naɗa wanda zai tattara dukiyarsa ya raba. Sai dai rabon layi ne. Bankin da ke riƙe da jingina yana gaba, haraji da albashin ma'aikata na biye, sannan a waiwayi kwastoma da abin da ya rage, idan ya rage. Kuma ba za a nemo ka har gida ba. Kai za ka kai shaidar cewa kana bin bashin.

A nan muke faɗuwa. Mun saba ciniki bisa amana, a miƙa kuɗi hannu da hannu ba rasit, don kunyar kada a ce ba ka yarda da mutum ba. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni take yi a rubuta bashi. Rasit, takardar yarjejeniya, shaidar tura kuɗi ta banki, har saƙonnin WhatsApp, su ne abin da mai raba dukiya zai duba, ba rantsuwa ba.

Idan kamfanin na da sauran numfashi, a kai ƙorafi hukumar kare masu saye, FCCPC, tun da wuri. Idan ya mutu, masu bin bashi su haɗa kai su ɗauki lauya ɗaya, domin mai bin naira 300,000 shi kaɗai kuɗin shari'a ne zai cinye shi. A daina gudu caji ofis a kan bashi zalla, doka ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya. Zamba ce ke da wannan hanyar, kamar CBEX, dandalin zuba jari na intanet, da ta rufta da mutane a Afrilun 2025 ba tare da rajistar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ba, EFCC ta shiga bincike.

Ra'ayina shi ne bai dace a jefa kwastoma ƙarshen layi ba. Banki ya ba da rance ne bayan ya auna haɗari, ya karɓi jingina, yana kuma cin riba. Uwar amarya ba ta ba kowa rance ba, gado da katifa ta saya. Ya kamata Majalisar Tarayya ta tilasta wa kamfanonin da ke karɓar kuɗin mutane kafin ba da kaya su ajiye shi a asusu na daban, wanda ba zai shiga rabo ba ko da kamfanin ya rushe.