Kafin a yi gardamar wa zai hau karagar Westeros, a ƙirga babi

Tsohuwar jita-jitar nan ta sake yawo tsakanin masoya littattafan George R.R. Martin: wai ya gama The Winds of Winter da A Dream of Spring, littafi na shida da na bakwai a jerin A Song of Ice and Fire, tun tuni yana ɓoyewa, ko kuma ya yaga ƙarshen da ya tsara saboda tofin Allah tsine da aka yi wa zango na 8 na Game of Thrones, shirin talabijin da aka yi daga littattafan. Abin haushin shi ne an riga an kashe wannan magana. A 2019 wani ɗan wasan shirin ya faɗe ta, Martin ya fito da kansa ya ƙaryata, ya ce na shida bai kammalu ba, na bakwai kuwa ko farawa bai yi ba. Duk da haka ana ta ɓata dare ana zana yadda littafin ƙarshe zai kasance, a raba sarauta, a kashe wannan a aurar da wancan.

Masu wannan hasashe sun ɗauka ƙarshen labarin ne ya gagari marubucin. Ni ban ga alamar haka ba. Ya faɗa wa masu shirya fim ɗin manyan abubuwan da ya nufa, ciki har da ƙona Shireen 'yar Stannis da asalin sunan Hodor, wani hadimi a labarin, kuma ya sha cewa ba zai canza shirinsa don masu karatu sun gano shi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafi.

Littafin farko na 1996 ta idon mutum 8 ake ba da shi, ban da gabatarwa. A Dance with Dragons na 2011, wato littafi na biyar, yana da 16, kuma babu Sansa, babu Sam, babu Brienne, babu Arianne a cikinsu, dukkansu suna jiran nasu babin. A duba inda aka bar kowa. An daɓa wa Jon wuƙa a Katangar ƙanƙara ta arewa. Daenerys na can cikin ciyayin Dothraki, littafi biyar ba ta taka Westeros, nahiyar da ake faɗa kan karagarta, ba, ba ta ma gana da Tyrion ba. Arya na Braavos, Bran na cikin kogo, ƙanƙara ta tsare Stannis kafin Winterfell, Cersei na jiran shari'a. Ga kuma saurayin da ake cewa Aegon ne ya sauka da runduna, mutumin da fim ɗin ya share gaba ɗaya. Yaƙe-yaƙe biyu, na fadar Winterfell da na birnin Meereen, an ɗage su daga littafi na biyar zuwa na shida don babu wuri. Wato The Winds of Winter zai buɗe ne da biyan bashin wanda ya gabace shi.

To a ba kowane mutum babi biyar kacal, su 20, an kai babi 100 kafin Daenerys ta haye teku. Littafi na biyar mai babi saba'in da 'yan kai ya riga ya kai iyakar abin da ake iya ɗaurewa a bango ɗaya. A 2022 Martin ya ce yana da shafi 1,100 zuwa 1,200 a hannu, saura 400 zuwa 500. Wannan na shida ne kaɗai.

Kuma ya taɓa faɗawa irin wannan rami. Ya so ya tsallake shekara biyar bayan littafi na uku, A Storm of Swords, don yaran su girma, abin ya ƙi, ya watsar ya sake. Daga nan rubutun ya kumbura har aka raba shi gida biyu, 2005 da 2011. Tsara wanda zai fara isa Meereen da wanda zai biyo baya kawai ya ci masa shekaru. Birni ɗaya ke nan. Yanzu kowa da kowa ne za a tattaro, kuma duk babin da aka matsar sai an koma an gyara abin da wasu uku suka sani a lokacin.

Masu cewa lalaci ne ko kuɗin talabijin ya shagaltar da shi suna zagi ne, ba su bayyana komai ba.

Abin da ya kamata a tattauna shi ne ko littafi bakwai zai isa. Ba na jin zai isa. An faro da niyyar uku ne. Marubuci Robert Jordan ya rasu a 2007 ya bar shirin littafi ɗaya da zai rufe jerin littattafansa na The Wheel of Time, da Brandon Sanderson ya zo kammalawa sai da ya zama uku. Ya kamata Martin, wanda aka haifa a 1948, ya daina ɗaure kansa da lamba bakwai, ya fitar da yaƙin Winterfell da na Meereen da abin da ya biyo bayansu a juzu'i guda, sauran su bi.