Hukuncin kisa: mu ba gaba ba, mu ba baya ba

A nan Ingila, inda neman abinci ya kawo ni daga Kaduna, maganar rataya ta zama tarihi. A 1964 aka rataye mutum biyu na ƙarshe, a 1965 majalisa ta dakatar da hukuncin a kan kisan kai, ta ƙarasa goge shi a 1998. Faransa ta soke nata a 1981. A Saudiyya kuwa har gobe takobi na aiki, sai fa in dangin mamaci sun yafe ko sun karɓi diyya. Ka so ko ka ƙi, kowacce ta san inda ta dosa.

Mu fa? A 2020 gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya sa hannu a dokar da ta ce wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe a dandaƙe shi, sannan a kashe. Jama'a suka yi ta sa albarka, ban kuwa ga laifinsu ba, don ɓarnar ta isa. Sai dai alƙali yankewa kawai yake yi. Ba a rataye kowa sai gwamna ya sa hannu, gwamnoninmu kuma gudun takardar nan suke kamar garwashi. A gidan yarin Kaduna aka rataye wani Bakatsine a 2002 bisa hukuncin kotun shari'a, jihar Edo ta rataye wasu a 2013 da 2016, daga nan shiru. Yanzu sama da mutum 3,000 ke jiran igiya a gidajen yarin Najeriya. Dangin wanda aka kashe ba su ga ƙisasi ba, ba su ga diyya ba. Shi kuma mai laifin furfura ta fito masa, kullum da asuba in ya ji ƙarar makulli sai gabansa ya faɗi.

Turawan nan kan yi min wa'azin haƙƙin ɗan'adam, ba ya shiga kunnena, don ƙisasi ba baƙo ba ne a addininmu. Abin da ke ɗaure min kai binciken 'yan sandanmu ne: talaka ba lauyan kirki, a ɗaki aka lallasa shi ya amsa laifi. Da irin wannan shaida za a ɗauki rai?

Saliyo ta soke hukuncin a 2021, Gana ta cire shi daga yawancin laifuka a 2023. Gwamnan Kaduna ba sai ya jira Abuja ba. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba shi ikon sassauci a laifukan dokar jiha. Wanda shari'arsa ke da gargada, a mayar masa ɗaurin rai da rai. Wanda hujja ta kama shi dumu-dumu, gwamna ya fito ya gaya wa dangin mamaci abin da ya hana shi ɗaukar biro.