Ku bar yaron nan ya je ya kwanta

Wato laifin yaron nan duka shi ne ya miƙe daga fada, wurin hirarmu da shan shayi, ƙarfe goma da rabi na dare ya ce "Yaya, ni zan je in kwanta"? A kan wannan kuka kwana biyu kuna jifansa da saƙon murya a gurup, wannan ya ce tsoho, wancan ya ce kaza mai shiga akurki da magariba, har wani ya ce cutar nasara ce ta kama shi? Na saurare su duka. Madalla da ku, jaruman Tahoua. Takobin kokawa na bana ku ya kamata a ba, tunda kun kayar da barci.

Abin da ba ku sa a gurup ba shi ne abin da ya gaya mana da bakinsa, buta na kan gawayi. Sati uku gabansa na faɗuwa ba dalili. Shafi guda ya karanta sau biyar bai shiga kai ba. Ya daka wa mahaifiyarsa tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya shige ɗaki ya yi ta kuka. Ya je gidan likita aka auna, ba masassara, ba hawan jini. Tambayar da aka fara yi masa: awa nawa kake barci? Ya ce uku, in an yi sa'a huɗu. Aka ce je ka gyara wannan tukuna, in abin bai lafa ba ka dawo. Yaro ya ji maganar likita, ku kuma kuka mai da shi abin dariya.

Mu yi lissafi, tunda ba ma son gaskiya sai da alƙalami. Fada ta watse ƙarfe 2. An koma gida an rungumi waya, TikTok da Facebook har 3. Ladan ya kira asuba wajen 5 da rabi. Likitoci kuwa cewa suke baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9. To ina sauran? Bashi ne, kuma jiki ba ya yafe bashin barci. Karɓar abinsa yake ta saurin fushi, ta mantuwa, ta ciwon kai, ta faɗan da kake yi da matarka a kan gishirin miya. Wanda bai yi barci ba, ƙwaƙwalwarsa ƙaramin abu take gani kamar dutse. Rabin masifar da ake zubawa a bakin kasuwa da kan kabu-kabu da hantsi, wallahi a fada aka dafa ta da dare.

Shayin kansa fa? Ana ta yi mana kirari, na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi. Ba wanda ke faɗin na huɗu, wanda shi ne ido biyu har asuba. Ganyen nan akwai sinadarin kafeyin a ciki, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa na nan cikin jini. Kofin da ka kurɓa sha biyun dare yana tare da kai a sahun sallar asuba. Ga hasken waya a fuska yana gaya wa ƙwaƙwalwa har yanzu rana ce. Gari ya waye jiki ya ƙi tashi, sai a nemo abin da zai tashe shi. Mun dai san ta inda tramol ya shiga gidaje da yawa, kada mu yi kamar ba mu sani ba.

Za a ce zafi. Na sani, a garin nan nake. Afrilu da Mayu ma'auni na wuce 40, a ɗauke kuran, ɗaki ya koma tanda. To iyayenmu tabarma suke fitarwa tsakar gida, su yayyafa ruwa a ƙasa, su kwanta. Kuma yanzu da iskar hunturu ke kaɗawa, wane zafi ne ya riƙe ku har ƙarfe biyu? Za a ce matsalarmu kuɗi ce ba barci ba. Eh, babu kuɗi. Amma ban taɓa ganin wanda ya kwana zaune ya wayi gari da jikka ɗaya ta ƙaru a aljihunsa ba. Talaucin yana nan, ka ƙara masa ciwon kai.

Masu cewa abin nasara ne su suka fi ba ni mamaki. Hadisi ingantacce ya nuna Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin isha'i, ba ya son hira bayanta. Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa ransa na da haƙƙi a kansa, Annabi ya gaskata shi. Ƙailula ma ba daga Faransa aka kawo mana ita ba.

Ni fa ba ƙin fada nake ba, Allah ya sani. Shekarar da na dawo daga cirani hannu banza, ina jin kunyar haɗa ido da mutanen gidanmu, a kan bencin nan na samu waɗanda suka saurare ni. Da ba su ba, ban san inda tunani zai kai ni ba. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Wurin da ya kamata yaro ya ce "na gaji" a ce masa sannu, nan aka yi masa ihu. Gobe in nauyin ya fi haka, wa zai gaya wa? Sai ya yi shiru, sai ranar da aka kama hanyar Yamai da shi a ce ai aljanu ne, kowa ya shiga salati.

Ƙanena, in kana karantawa, ci gaba da tashi goma da rabi. Ajiye wayar nesa da matashi, taka da ƙafa bayan la'asar ko zuwa bakin kasuwa ne ka dawo, kuma ranar da likita ya ce ka koma, ka koma. Ni ma daga yau kofi biyu zan sha in bi bayanka, a haɗa mu a kira mu kaji.

Af, tunda maganar fada ake, kuɗin gawayi da sukari na watan nan mutum huɗu kawai suka biya cikin goma sha ɗaya, kuma mai bakin da ya fi na kowa a gurup yana cikin bakwai ɗin. Sannan wanda ya ari ƙaramar butar nan shuɗiya tun ranar suna, don Allah ya maido ta, ta mahaifina ce.