Hoto a tallan Gucci ba ya riƙe mutum har tsufa

Ranar Juma'a bayan la'asar, ɗiyar ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta miƙo mini wayarta. Hoton wata doguwar baƙar yarinya ce riƙe da jaka, a tallan wani babban kamfanin kayan ƙawa na Italiya. "Kawu, wagga ai ta haye," in ji ta. Na ce mata ta dai taka tsani, hayewa kuwa da saura.

Ba raina abin nake yi ba. Misali, Mayowa Nicholas, wadda ta fito daga gasar masu tallan kaya ta Elite Model Look ta Najeriya a 2014, ta yi tallan manyan kamfanonin ɗinki irin su Dolce & Gabbana da Saint Laurent da Calvin Klein, a 2018 kuma ta taka dandalin nuna kaya na kamfanin Victoria's Secret. Irin wannan aiki yana ɗaga farashin 'yar talla, ya sa a san da ita. Sai dai kamfanin hayar fuskarta ya yi na 'yan watanni. Sau biyu a shekara ake baje sababbin ɗinkuna a New York da Landan da Milan da Paris, wajen Fabrairu da Satumba, kuma kowane zagaye da fuskokin da yake nema. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mai zaɓen fuskar ma ba zaunanne ba ne. A kamfanin Gucci na Italiya kaɗai, Alessandro Michele ya bar kujerar babban mai zayyana a ƙarshen 2022, Sabato De Sarno ya gaje shi, shi ma ya tafi a farkon 2025, aka kawo Demna. Sabon shiga yakan zo da nasa mutanen. Wadda aka yi yayinta bara sai ta wayi gari wayarta shiru, ba don ta yi laifin komai ba.

Batun kuɗi ya fi ban takaici. Duk wanda ya taɓa sayar da rago ta hannun dillali a kara ya san la'ada. Su ma dillalan masu talla sukan yanki kusan kashi 20 cikin 100. Kuɗin jirgi da na masauki da na hotunan gwaji kuwa bashi ne ake rubuta wa yarinya, a cire daga abin da ta samu, biyan kuma kan ɗauki watanni. Sai a Disamban 2024 jihar New York ta sa hannu a dokar kare ma'aikatan wannan sana'a, wadda ta ƙayyade la'adar. Tunda har sai da hukuma ta sa baki, ai ba sai an faɗa maka yadda ake cin gumin yaran ba.

Mu a nan Sakkwato, labarin Halima Aden ya fi kusa da mu. An haife ta a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta tashi a Amurka, ta shiga sana'ar da hijabinta. A 2017 ta yi tafiyar nuna kaya wa kamfanin Max Mara a Milan, daga baya ta fito a bangon mujallar Vogue ta Birtaniya. A Nuwamban 2020, tana tsakiyar tashe, ta ce ta ajiye, saboda aikin yana ta zaftare mata abin da addininta bai yarda a taɓa ba. Ga suna, ga kasuwa, amma zaman bai yiwu ba. Ni ban ɗauki wannan faɗuwa ba, sai dai ya nuna babban talla bai ma iya tabbatar wa mutum kwanciyar hankali, balle gobe.

Waɗanda suka daɗe ana jin su, in ka duba, wani abu suka kafa da sunansu. Iman 'yar Somaliya ta buɗe kamfanin kayan kwalliya na mata masu duhun fata a 1994. Oluchi 'yar Najeriya, da ta ci gasar masu talla ta Face of Africa a 1998, ta koma gabatar da shirin talabijin na zaƙulo sababbin masu talla a 2013.

Da ɗiyar tawa ta ce na cika kushe, sai na nuna mata jakar da ke hoton. Na tuna mata cewa fatar jar akuyarmu ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, majemanmu ne suka jeme ta, amma da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko. Ta ƙura wa hoton ido, ta faɗaɗa shi da yatsu tana neman sunan yarinyar. Sunan kamfanin ne kaɗai a rubuce, da manyan baƙaƙe.