Fayil ɗin Baba da ruwa ya ci

Na karanta labarin nan da ya ce a Ingila asibitocin gwamnati na ajiye fayil ɗin mara lafiya baligi shekara 8 bayan zuwansa na ƙarshe, na haihuwa kuma shekara 25. Wallahi sai da na yi dariyar takaici.

Bara na mayar da Baba asibitin da aka yi masa aiki shekara 4 da suka wuce. Katinsa na hannuna, lambar ma ba ta goge ba. Ma'aikacin ɗakin kati ya shiga ya fito sau uku, rigarsa duk ƙura, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, ruwa ya shiga da damina." Na leƙa, ga fayil-fayil ɗaure da igiya, wasu gara ta cinye gefensu. Aka buɗe sabo, aka sake gwajin jini da hoto, kuɗi daga aljihunmu. Maganin da jikin Baba ba ya so ma, sai da Mama ta tuna wa likita.

A nan Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ajiye bayanan mara lafiya, to wa ke bin diddigi? Ni dai yanzu duk takardar sallama sai na ɗauki hotonta a waya.